Gonaki na gajiya, manoma na tsufa: wa zai cika rumbunan Nijar gobe?

Duk lokacin da farashin tiyar hatsi ya hau a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, abin da mutane suke fara ambata shi ne ruwan sama, sai kuma 'yan kasuwa masu ɓoye kaya. Duka biyu suna da hannu a ciki. Amma akwai wata matsala da ta daɗe tana tafiya sannu a hankali, wadda damana mai kyau guda ɗaya ba ta isa ta warware ba. Abin da eka ɗaya take bayarwa bai ƙaru sosai ba tun samun 'yancin kai, bakunan da za a ciyar suna ta ƙaruwa, masu riƙe da gonaki suna tsufa, matasan da za su gaje su kuma da yawa ba su da fili, ba su da horo.

Lissafin da ya ƙi daidaita

A 1960 mutanen Nijar ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da dubu 100, yau kuma ana ƙiyasin sun haura miliyan 25. Wannan na nufin kowace shekara ana samun ƙarin mutum wajen dubu 900.

Hukumomi suna lissafin cewa mutum ɗaya yana buƙatar kimanin kilo 230 na hatsi, dawa, masara ko shinkafa a shekara. Eka ɗaya ta hatsi, wato fili mai mita 100 a tsawo da 100 a faɗi, tana bayar da kilo 400 zuwa 550 a matsakaicin lissafi na ƙasa. Kusan haka take bayarwa tun shekarun 1960. Idan magidanci yana da mutum 8 a gidansa, yana buƙatar kilo 1,840 a shekara, wato sai ya nome kusan eka 4 kafin ya ciyar da iyalinsa, ban da kuɗin magani, sutura ko biki. A matakin ƙasa kuma, ciyar da ƙarin mutanen da ake samu a shekara ɗaya kawai yana buƙatar wajen ton dubu 200. Idan amfanin eka bai ƙaru ba, sai an buɗe sababbin gonaki eka dubu 400 kowace shekara.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Filin da ake shuka hatsi ya tashi daga ƙasa da eka miliyan 2 zuwa wajen miliyan 7. An sare daji, an cinye makiyaya da burtali, an daina barin gona ta huta. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ba ta wajen arewa, amma gonaki sun daɗe da wuce ta, abin da ke ƙara rura rikicin manoma da makiyaya. A kudancin Maraɗi da Damagaram, kamar Madarumfa, Agye, Kance da Magarya, babu sauran dajin da za a sare. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya biyar ko shida ne suke rabawa. Ƙasar da ake shukawa kowace shekara ba hutu ba taki, ƙarfinta yana raguwa, ƙuduji kuma ya samu wurin zama.

Idan damana ta zo da matsala a kan wannan hali, sakamakon yana da tsanani. Bayan mummunar damanar 2021, an ƙiyasta mutum miliyan 4 da dubu 400 suna cikin ƙarancin cimaka a tsakiyar 2022. A 2024 kuma ambaliya ce ta shafi mutum sama da miliyan 1, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Tsufan manoma a ƙasar matasa

Wani zai yi mamakin jin maganar tsufa a Nijar, ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Gaskiya ne samari da mata da yara su ne ke yin mafi yawan aikin duƙe. Tsufan yana wajen masu mallakar gona da yanke shawara. A tsarin gandu, maigida ne ke riƙe da fili, shi ke zaɓen irin da za a shuka, shi ke da makullin rumbu. Saurayi yana samun gamana ce kawai, ƙaramin yanki da yake nomawa a ranakun da ba na gandu ba. Yana iya kai shekara 35 ko 40 bai mallaki gonar kansa ba, ranar da aka raba gado kuma abin da zai samu bai isa ya riƙe gida ba. Mata, waɗanda ke da babban kaso a aikin, su ne suka fi rasa fili idan gona ta yi kaɗan.

Shi ya sa biɗa ta canza kama. A da, saurayi yana tafiya ci-rani bayan girbi, zuwa Kano, Legas, Akara ko Abijan, ya dawo da faɗuwar ruwan farko. Yanzu masu zuwa Libiya da Aljeriya suna yin shekara biyu ko uku ba su dawo ba. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, dubban matasa sun bi wannan hanya. Wasu kuma suna cikin birane suna kabu-kabu, dako ko sayar da shayi. A yankin Kance har mata da yara sun shiga tafiyar, kuma ba a manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013 ba, akasarinsu mata da ƙananan yara.

Kuɗin da 'yan biɗa suke aikowa yana sayen buhun hatsi, yana ceton gidaje da yawa. Sai dai noman damana aiki ne na lokaci. Shuka tana son a yi ta cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai kyau. Noman farko idan ya yi jinkirin mako biyu, ciyawa ta riga ta sha ruwan da takin da hatsi zai sha. Dattijo mai shekara 65 da ƙananan jikoki ba za su iya gama eka 4 da hauya a kan lokaci ba. Ɗaukar 'yan barema yana buƙatar kuɗi a daidai lokacin da rumbu ya ƙare. Mafi talauci ma yakan bar tasa gonar ya je barema a ta wani don ya samu abin tuwon dare, tasa kuma ta lalace.

Ilimi biyu, kowanne da giɓinsa

Akwai ilimin da tsofaffi suke da shi wanda ba a rubuce yake ba: wace jigawa ce ke son wane iri, yadda ake zaɓen zangarniyar da za a ajiye don shukar baɗi, yadda ake haɗa hatsi da wake, yarjejeniya da makiyayi don dabbobinsa su kwana a gona su bar taki. Ana koyon wannan ne ta hanyar shekaru a bayan uba ko uwa a gona. Saurayin da ya yi damana biyar a waje ya rasa darasi biyar.

Akwai kuma ilimin zamani wanda bincike ya tabbatar, amma bai isa ga mafi yawan manoma ba. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da aka kafa a 1975, mai reshe a Tarna kusa da Maraɗi, da cibiyar ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai, sun fitar ko sun gwada irin hatsi masu saurin nuna kamar HKP, Zatib da SOSAT. A 2018 aka fitar da Chakti, mai nuna cikin kwana 65 ko kusa da haka, mai yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata. Da kulawa mai kyau, irin waɗannan suna iya bayar da ton 1 zuwa 2 a eka, ninki biyu ko fiye na abin da aka saba samu. Akwai dabarar sa ɗan takin zamani kaɗan, giram 2 zuwa 6, a kowane ramin shuka maimakon watsa shi. Akwai tassa da rabin wata don farfaɗo da faƙo. Akwai ƙwaron da ake saki yana kashe tsutsar zangarniya ba tare da feshi ba. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku da ke adana wake watanni ba magani.

Kowace daga cikin waɗannan dabaru tana buƙatar wanda zai nuna ta a gona, da wanda zai koya ya riƙe. Malaman gona na gwamnati sun yi kaɗan ƙwarai tun bayan tsuke bakin aljihun shekarun 1980 da 1990, ma'aikaci ɗaya yana da ƙauyuka masu yawa a wuyansa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na manya suka iya karatu da rubutu, don haka bayanin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari da Faransanci ko Turanci ba ya isa ga mai fesawa. Takin zamani kuwa, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2006 cewa za a kai kilo 50 a kowace eka, amma Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da shi a duniya, 'yan kilo kaɗan a eka. Ko a wuraren noman rani akwai giɓin masu gyaran injin ban ruwa da famfo mai aiki da hasken rana.

Shinkafar waje ba tabbas ba ce

Mazauna birni suna iya cewa idan hatsi ya yi tsada sai a koma shinkafa. Mafi yawan shinkafar da ake ci a Nijar daga Asiya take zuwa, kuma manoman ƙasashen da suka ci gaba ma suna tsufa. A Japan matsakaicin shekarun manoma ya kusa 70, yawansu kuma ya ragu da rabi tun 2000. A Amurka ƙidayar 2022 ta nuna matsakaicin shekara 58. A Tarayyar Turai kashi ɗaya cikin uku na masu riƙe da gonaki sun kai 65 ko sun wuce, waɗanda ba su kai 40 ba kuma kashi 12 ne cikin 100. Saurin ƙaruwar amfanin gona da aka gani a shekarun 1960 zuwa 1980 ya lafa a wurare da yawa. A Faransa amfanin ekar alkama ya tsaya kusan wuri ɗaya tun tsakiyar shekarun 1990.

Idan kaya suka yi ƙaranci, kowace ƙasa gidanta take fara dubawa. A watan Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowa sayar da shinkafa a duniya, ta hana fitar da wani kaso na farar shinkafarta, farashi ya tashi a ko'ina. A daidai lokacin aka rufe iyakokin Nijar da Benin da Najeriya sakamakon takunkumin CEDEAO, buhun shinkafa ya yi tsadar da kowane magidanci ya ji a aljihunsa. Sayar da hatsi da rahusa ta hannun OPVN, ko hana fitar da cimaka waje kamar yadda gwamnati ta yi a Oktoban 2024, suna rage zafi na ɗan lokaci. Ba sa ƙara ko kilo ɗaya a abin da eka take bayarwa.

Abin da aka riga aka gani yana aiki

Manoman Nijar sun taɓa nuna cewa dabara mai amfani tana yaɗuwa idan ta dace da halinsu. Tun shekarun 1980, daga jihar Maraɗi, aka fara sassaben zamani: barin tsiron gawo, kalgo, sabara da sauran itatuwa su girma a gona maimakon sare su. An ƙiyasta eka miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma yawanci manomi ne ya koya wa maƙwabcinsa. Ƙungiyoyi irin su FUMA Gaskiya a Maraɗi da Mooriben a yamma suna haɗa manoma wajen samar da iri da ajiye amfanin gona a matsayin jinginar bashi, don kada a sayar da shi da arha lokacin kaka.

Albasar Galmi, zogalen Jiratawa, ayar Maraɗi da tattasan Difa sun nuna wani abu kuma: inda noma yake kawo kuɗi, matasa suna cikinsa. Abin da suke gudu shi ne wahalar wata huɗu da ba ta ciyar da gida wata shida.

Wannan ya nuna inda aikin yake. Saurayi da mace suna buƙatar fili mai takarda, kuma hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna iya rubuta aro, haya ko kyauta tun uba yana da rai. Makarantu irin su IPDR ta Kollo da sassan noma na jami'o'in Yamai, Maraɗi da Tawa suna yaye ɗalibai, amma ƙauye ne yake buƙatarsu, da horo cikin Hausa da Zabarmanci a gonar gwaji da ta rediyo da wayar salula, kamar yadda hukumar RECA ta fara. Garmar shanu da ƙaramin injin shuka suna iya rage nauyin da ke kan tsofaffi. 'Yan kasuwa da ma'aikatan birni masu sayen gonaki a karkara su ma suna da zaɓi: su ɗauki matashin ƙauyen a matsayin ɗan barema na kwana ɗaya, ko su yi yarjejeniyar shekaru da shi wadda za ta sa ya zauna ya koyi aikin. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar 2012 sun kusa fara neman gamana tasu, kuma abin da za su tarar a gona shi zai yanke farashin tiya a birni nan da shekara 10.