Gwajin DNA: Idan Aka Ga Abin da Ba Shi Aka Je Nema Ba

Mace ta ba da jininta don a binciki wani ciwo, sai na'urar karanta DNA ta hango wani abu daban: canji a ƙwayar halitta ta BRCA1, wanda ke ƙara haɗarin sankarar mama. A faɗa mata, ko a yi shiru?

A 2013, ƙungiyar likitocin cututtukan gado ta Amurka, ACMG, ta fitar da jerin ƙwayoyin halitta 56 da ta ce a duba kuma a sanar, ko mara lafiya bai nema ba. Hujjarta, ana iya ɗaukar mataki da wuri. Cutar Huntington ba ta shiga jerin ba, tunda ba ta da magani.

Suka ya yi yawa. Wasu ba sa son su sani, kuma sakamakon ba na mutum ɗaya ba ne: ya shafi 'yan'uwa da 'ya'yan da babu wanda ya nemi yardarsu. A 2014 ƙungiyar ta sassauta, ta ba mara lafiya damar cewa a'a.

Yanzu wannan zaɓin ya sauko kan waya. A manhajar 23andMe, sai mutum ya danna amincewa kafin rahoton BRCA ya buɗe. Abin tsoron, da yatsan da ya saba danna "na yarda" ba tare da karanta ko layi ɗaya ba ake dannawa.