Birnin Kano a Ranar Hawan Daushe

 Shirinmu na musamman a yau zai kai mu birnin Kano ta Dabo a lokacin bikin Sallah.

Duk baƙon da Allah ya nufa da ziyarar Kano a waɗannan kwanaki, tun kafin ƙarar bindiga ko amon tambari ya iso kunnensa, abin da zai fara tarbarsa shi ne ganuwa, wadda mazauna birni suka fi kira badala. Littafin tarihin sarakunan Kano ya bayyana cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gininta, ɗansa Tsaraki ya kammala, sa'an nan Muhammadu Rumfa, da ya hau gadon sarauta a 1463, ya faɗaɗa ta sa'ad da jama'a suka yawaita, fatake da malamai suka riƙa kwararowa daga gabas da yamma. A zamanin Rumfa ne Shaihu Muhammadu al-Maghili ya sauka a birnin, ya rubuta wa sarki nasiha a kan wajiban masu mulki, kuma a zamanin sarkin aka gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, aka kafa Kasuwar Kurmi.

To, ranar Idi, bayan an sallame salla a filin Ƙofar Mata, liman ya yi huɗuba, sarki yakan hau ya koma gida cikin tawagarsa, wannan shi ne Hawan Sallah. Amma masana sha'anin sarauta sun yi ittifaƙi cewa wanda yake son ganin ƙasaitar Kano sai ya dakata zuwa washegari, bayan sallar La'asar, lokacin Hawan Daushe. A ranar ne sarki yake ratsa unguwannin birni, ya tsaya a Babban Ɗaki domin gaida mahaifiyarsa, abin da ke tuna wa talaka da basarake cewa biyayya ga iyaye farilla ce da rawani bai ɗauke wa kowa ba, kana ya dawo Ƙofar Kudu ta fada inda jama'a suka yi cincirindo.

Nan fa ido yake shan kallo. Hakimai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin muƙamansu, kowanne da zagage da makaɗa da maroƙa masu kirarin gidansu, dawaki sun sha ado da jalala da tunjimi, mahaya sun sha alkyabba da rawani. Sa'an nan 'yan bindiga su saki wuta har hayaƙi ya turnuƙe, dogarai su biyo cikin ja da kore, kakaki da algaita su ɗauka, sai ga sarki ƙarƙashin laima, riƙe da tagwayen masu, jama'a na ɗaga hannu suna cewa, "Allah ya ja zamaninka, Takawa lafiya!" Daga ƙarshe a yi jahi, mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami su yi turjiya a gaban sarki, su jinjina.

Mai lura zai gane cewa asalin wannan ado duka kayan yaƙi ne. Lifidi da sulke da kwalkwali, waɗanda tarihi ya danganta shigowarsu da zamanin Sarki Kananeji, an yi su ne domin kare mahayi daga kibiya, kamar yadda aka yi badala domin kare birni daga mahara. Jahi kuwa mubaya'a ce, hakimi yana nuna wa sarkinsa cewa dawakinsa da mutanensa a shirye suke. Yaƙin ya wuce tun shigowar Turawa a 1903, amma hawan ya wanzu, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2024.

Sai dai ita badalar ba ta sami irin wannan rabo ba. Wanda ya zaga daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kabuga, ko ya hau Dutsen Dala ya duba, zai ga inda ruwan sama ya zaizaye ta, da inda aka haƙe ƙasarta, da inda gine-gine suka cinye ta ƙurmus. Dalili kuwa a fili yake: hawa yana da masu ɗinka masa sirdi da masu kiwata masa doki kowace shekara, ginin ƙasa kuwa, in ba a yi masa yaɓe bayan damina ba, rushewa yake yi. Saboda haka muna kira ga hukuma da masu unguwanni da attajiran birni da su ɗauki gyaranta amana a wuyansu.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya maimaita mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.