Tafiyar Keke A Bakin Kogin Da Aka Haƙa Da Hannu

Mu dai mun san keke abin zuwa gona ne da kasuwa da gaishe-gaishe. Amma a kudancin ƙasar Faransa akwai mutanen da kan ɗaure 'yan kayansu a kariya, su kama hanya kwana da kwanaki, ba don fatauci ba, sai don su ga ƙasa. Hanyar da suka fi so kuwa ita ce wadda ta bi gefen wani kogi da mutane suka haƙa da hannu, wato kanal, mai suna Kanal du Midi. Labarinsa muka kawo muku a wannan mako.

Wannan kanal ya tashi daga birnin Tulus ya nufi gabas, tsawon kilomita 240, har ya faɗa tafkin Thau kusa da garin Set a bakin Bahar Rum. Daga Tulus ɗin kuma akwai wani, Kanal na Garon, mai kilomita 193, wanda aka gama a 1856, ya nufi yamma wajen birnin Bodo da Tekun Atlantika. In an haɗa su biyu an sami kilomita 433. Mai yin kilomita 50 a yini zai ƙare su cikin kwana 9.

Me ya sa masu keke ke son bakin kanal? Dalili shi ne ruwa ba ya hawan tudu. Duk inda aka bi da kanal sai an daidaita ƙasa, saboda haka hanyar gefensa shimfiɗe take. A da dawaki ne ke bin ta suna jan jiragen kaya da igiya. Yau ba dawaki, jiragen kaya ma sun daina bi, sai na 'yan yawon buɗe ido. Hanyar ta zama ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, ba ruwansu da manyan motoci. Shi ya sa za a ga tsoho da jikansa suna tafe tare.

WANDA YA SHA WAHALAR

Wannan sauƙi fa ba daga sama ya faɗo ba. Wani mutumin garin Beziye ne, Pierre-Paul Riquet, mai karɓar harajin gishiri, ya ɗauki nauyin aikin. Tun kafin zamaninsa ana son a haɗa tekunan nan biyu don jirage su huta da zagaya ƙasar Sifen. Abin da ya gagari kowa shi ne inda za a sami ruwan da zai cika kanal a wuri mafi tudu, wato Naurouze, mai tsayin mita 189 daga teku. Riquet ya gano cewa za a iya tattara ƙoramun wani tsauni da ake kira Baƙin Dutse, a tare su a madatsar Saint-Ferréol, a gangaro da su zuwa Naurouze, daga nan ruwa ya rabu gabas da yamma.

Sarki Luwi na 14 ya ba da izini a 1666. Akwai lokacin da ma'aikata suka kai 12,000, maza da mata, da diga da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa har ya ci bashi mai yawa. Ya rasu a watan Oktoba 1680, aka buɗe kanal a watan Mayu 1681. Watanni kaɗan suka rage, amma bai ga jirgi ya ratsa shi ba, magadansa kuma suka yi shekaru suna biyan bashin.

Mai keke yana ganin aikin hannunsa har yau. Kusa da Beziye, a Fonseranes, akwai ƙofofin ruwa jere kamar matakala. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe ƙofa, a cika ruwa, ya ɗaga, ya shiga na gaba, har ya hau sama da mita 20. A Malpas kuwa dutse aka huda kanal ya bi ta ciki. Hukumar UNESCO ta sa wannan kanal cikin kayan tarihin duniya a 1996.

GONAKIN INABI

Yawancinmu a karatu muka san kurangar inabi, ba mu taɓa ganin gonarta ba. To, daga birnin Karkason mai ganuwa har bakin teku, gonakin inabi ne dama da hagu iyakar ganin ido. Yankin nan, Langidok, yana cikin wuraren da suka fi yin ruwan inabi a duniya, a da kuwa ta wannan kanal ake fitar da shi cikin ganguna. Wajen watan Satumba ake girbi.

Su ma manoman sun ga tasku. Daga wajen 1863 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo daga Amurka ya hallaka gonaki bila adadin. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗaura reshen inabin Faransa a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Haka ake yi har yau.

Gidajen gona da dama kan kira matafiyi ya ɗanɗana abin da suka matsa. A nan sai a yi hattara, domin dokar Faransa ta hana tuƙi cikin maye, mai keke ma bai tsira daga gare ta ba. Ga shi kuma hanyar siririya ce, ruwa na gefe.

SHIRIN HANYA

Kada a ɗauka duk daɗi ne. An shimfiɗa kwalta a gefen Kanal na Garon, amma gabas da Naurouze akwai wuraren da ƙasa ce zalla da saiwoyi, in an yi ruwa sai taɓo. Dole a tanadi taya mai kauri, da famfo, da kayan faci, da gorar ruwa. Yankin yana da iska mai ƙarfi, in ta fuskanci mutum sai ya ji kamar tudu yake hawa. Watannin Yuli da Agusta kuma akwai zafi ƙwarai.

INUWA TANA TAFIYA

Abin da ya fi ƙawata wannan hanya shi ne manyan itatuwan filatan, wajen 42,000, da suka yi mata rumfa. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu, wadda ruwa ke ɗauka daga wannan saiwa zuwa waccan, musamman inda jirage suka ji musu rauni. Ba ta da magani. Itacen da ya kamu sai a sare shi a ƙone. An riga an sare fiye da rabinsu, har wuraren da dā ake tafiya cikin sanyi sun zama fili fetal, rana na dukan matafiyi.

Hukumar da ke kula da kanal tana dasa sababbi, iri dabam-dabam, don kada cuta ɗaya ta sake share su gaba ɗaya. Jama'a ma suna ba da gudummawar kuɗi. Sai dai itace irin wannan yakan yi shekaru masu yawa kafin ya ba da inuwa sosai. Da yawa daga cikin masu dashen yau ba za su zauna a ƙarƙashinsa ba, sun kuwa san haka, kamar yadda Riquet bai ga an buɗe kanal ɗinsa ba.

Mai keken da ya bi wannan hanya bana zai ga 'yan itatuwa ɗaure jikin sanduna, jere a bakin ruwa. Sai ya sa hula ya yi haƙuri da rana, inuwar ta jikokinsa ce.