Kafanchan: Na'urar da ta Dace, ko Wadda Kasuwa ta Karɓa?

A unguwar Bayan Loco da ke Kafanchan, Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a shekarar 1996, ta taɓa fuskantar tambayar da kan jawo wa manyan kamfanoni asara: a sayi na'urar da ta fi dacewa da wurin, ko wadda kowa yake saye?

Gidauniyar ta soma koyar da kwamfuta ne da tsofaffin na'urori da aka gyara aka kawo daga ƙasashen waje. Suna da araha, sai dai an ƙera su ne domin ofisoshi masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Zafi da ƙurar hunturu da wutar NEPA sukan kashe su. Saboda haka a shekarun 2000 ta haɗa gwiwa da kamfanin ExpLAN na Ingila wajen gwada Solo, wata kwamfuta marar fanka mai aiki da hasken rana, wadda cin wutarta bai kai wat 10 ba.

Ta fuskar fasaha, Solo ba ta da makusa. Amma kuɗin sayen na'ura somin taɓi ne. Idan ta lalace, wa zai gyara? Ina kayan gyaran? Ɗalibin da ya koyi aiki a kanta kuma, wane ofishi zai ɗauke shi, alhali ko'ina Windows ake tambaya? Solo ba ta yaɗu ba.

Da gidauniyar ta zo kafa Zittnet, tsarinta na rarraba intanet ba da waya ba, sai ta bi Wi-Fi, wanda kayansa suka cika kasuwa, kamar yadda ta rungumi manhajar koyarwa ta Cisco.

Wasu sun biya wannan karatu da tsada. Bayan shigowar GSM Nijeriya a 2001, kamfanin Telkom na Afirka ta Kudu ya sayi kashi 75 cikin ɗari na Multi-Links, mai amfani da tsarin CDMA, kan dala miliyan 280 a 2007. A 2011 ya sayar da kamfanin kan dala miliyan 10. Masu waya sun riga sun koma inda ake sauya layi a saka a kowace waya.

Ƙwaƙwalwar ARM mai ƙarancin cin wuta, irin wadda aka ɗora Solo a kanta, ita ce a yau cikin kusan kowace wayar hannu da ake sayarwa a kasuwar Kafanchan.