Mai Ɗebo Wa Likita Shaida: Bayanin Sana'arsa Da Hanyar Koyonta

Wannan bayani ne a kan wata sana'a ta asibiti wadda mai ita ba ya ganin fuskar majinyaci, majinyaci kuma ba ya jin ko sunansa, alhali kuwa sau da yawa hukuncin da za a yanke a kan ciwon a hannunsa yake rataye. Ita ce sana'ar mataimakin likitan binciken cuta.

Asalin al'amarin shi ne, idan likitan fiɗa ya cire wa mutum wani abu daga jiki, ko ƙari a nono, ko maƙoƙo a wuya, ko yankin hanji, ko mahaifa, to, aiki bai ƙare ba, saura a san ko mene ne abin. Ƙari biyu sukan yi kama da juna a ido da taɓi, ɗaya cire shi shi ne warakarsa, ɗayan kuwa sankara ce, watau ciwon daji, wadda in ba a bi ta da magani ba sai ta komo. Ba mai rarrabe su a kan tahakiki sai wani likita dabam mai duba tsoka da madubin ƙara girma. Matsayinsa matsayin alƙali ne, alƙali kuwa ba ya hukunci sai da shaidar da aka gabatar masa.

Wane ne mai gabatarwa? Ɗan kasuwar da ke sayen riɗi a Gujungu ko Maigatari shi zai fi saurin fahimta. Ba ya zazzage buhu ɗari, ƙarfe ake sokawa a ɗebo masa kaɗan ya duba. In mai ɗiba ya tsaya a bakin buhu, tsakuwa na gindi, to an yi ciniki a kan ƙarya ko da ba wanda ya yi nufin zamba. Haka hanjin da aka yanko yakan kai kamu guda, amma abin da ke shiga ƙarƙashin madubi 'yan gutsattsari ne, kowanne bai fi faɗin farce ba. Wanda ya zaɓi inda za a gutsuro, shi ne mataimakin da ake magana.

Ga yadda aikin yake. Da zarar an cire abin, sai a nutsar da shi cikin ruwan magani mai suna fomalin, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan kuma ya kai kamar ninki 10 na girman tsokar, don kada ta ruɓe. In ƙarin nono ne, ƙa'ida ita ce ya shiga ruwan cikin sa'a 1, ya zauna tsakanin sa'a 6 da 72. Sa'an nan mataimaki ya gwama sunan da ke jikin kwalba da na takarda, ya auna nauyi da tsawo, ya rubuta launi da tauri. Sai ya shafa tawada a gefen da wuƙar likita ta bi, domin in an ga sankara ta taɓo tawadar, an san akwai saura a jikin mai ita. Sai ya tsattsaga, ya laluba kaluluwa ɗaya bayan ɗaya cikin kitse. A sankarar babban hanji ana so a samo aƙalla 12, don su ne ke nuna ko cutar ta fara tafiya.

Bayan haka sai a zare ruwan tsokar da magunguna, a daskarar da ita cikin kaki, a fere ta da wata na'ura har kaurinta ya zama kamar kashi 4 cikin 1,000 na milimita, ɓawon albasa ma ya fi ta kauri nesa. A shimfiɗa a gilashi, a rina da shuɗi da ja, a miƙa wa likita. Abin da mataimaki ya tsallake, likita ba zai gan shi a kan gilashin ba.

Amma batun karatu, a Amurka aka fara keɓe wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta. Likita Thomas Kinney ya buɗe ajin farko a Jami'ar Duke a 1969, masu sana'ar kuma suka kafa ƙungiyarsu a 1972. A yau, a Amurka da Kanada, sai wanda ya riga ya sami digirin farko, da ƙarfi a ilmin halittu da na haɗa magunguna, yake neman shiga. Karatun digiri na biyu ne, wajen shekara 2. Shekarar farko a aji, ana karanta tsarin gaɓoɓin ɗan Adam da aikinsu da illolin da ke samunsu. Ta biyu a asibitoci, ɗalibi na yanka a gaban malaminsa, kamar yadda almajiri ke biya allo ana yi masa gyara, har hannunsa ya faɗa. Sa'an nan ya zauna jarrabawa a ba shi ijaza, wadda a Amurka ake sabunta ta duk shekara 3. Duk da haka ba shi da izinin faɗin sunan cuta. Wannan hakkin likita ne.

A Nijeriya kuwa aikin a rabe yake. Tsagawa da zaɓen gutsure galibi likitocin sashen ne ke yi da kansu, tare da ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa. Sarrafa tsoka da ferewa da rini kuwa aikin masanin ɗakin gwaji ne. Yaron Dutse da ke son wannan hanya sai ya ci Ingilishi da Lissafi da darussan kimiyya uku a sakandare, ya yi shekara 5 a jami'a, kamar ta Bayero a Kano ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya karkata zuwa fannin binciken tsoka, ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti. Hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista dokar 2003 ce ta kafa ta. Mai son ƙari yana iya wucewa digiri na biyu a fannin.

Bukatar irin waɗannan mutane ta iso ƙofar gida. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta tashi daga garin sarki ta zama babban birni. An buɗe mata Jami'ar Tarayya a 2011, asibitin Rashid Shekoni kuma ya zama asibitin koyarwarta. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga kwalejin kiwon lafiya a Jahun. Duk inda fiɗa ta yawaita, kwalabe sun yawaita. Ga kuma cutar ƙasa: tsargiya, wadda ta san garuruwan bakin kogin Haɗeja, ƙwayayen tsutsarta kan maƙale a bangon mafitsara, in an daɗe ba magani takan jawo sankara, su ƙwayayen kuwa ana ganinsu ƙarara a kan gilashi.

Abin da ke sa iyaye ja da baya shi ne zaton sana'ar feɗe gawa ce. Mafi yawan aikin na rayayyu ne masu jiran amsa. Binciken gawa yana ciki, gaskiya ne, kuma hurumin mamaci a Shari'a kamar na mai rai yake. Amma malamai sun duba mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1408, watau 1987, ta halatta shi don gano sababin mutuwa a shari'ar laifi, da tabbatar da cutar da ake son kare jama'a daga gare ta, da koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa. Daga cikinsu, a tsaya a gwargwadon lalura, mata su duba gawar mace in akwai su, a kuma binne dukan abin da aka taɓa. Sharaɗi na biyu kaɗai ya isa dalilin a bar 'ya'ya mata su koya. Tun tuni Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai tsayuwa da su laifin na kowa ne.

Saura nasiha ga masu jinya. Akan miƙa wa dangi kwalba a ce su kai ɗakin bincike, sai wasu, don tsoron kuɗi ko don girmama jikin ɗan'uwansu, su haƙa rami su binne. Niyyar kyakkyawa ce, amma an binne shaida kafin alƙali ya ji ta, in kuwa ciwon ya komo bayan shekara, likita sai lalube. Wanda aka bai wa kwalba ya duba ko ruwan ya rufe tsokar, ya duba suna, kada ya sauya ruwan, kada ya sa ta cikin ƙanƙara, ya kai ba jinkiri, ya kuma koma ya karɓi takardar sakamako ya damƙa wa likitan da ya yi fiɗar. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana kuwa, ga ƙofa biyu: biya wa talaka kuɗin gwaji, ko ɗaukar nauyin yaro mai natsuwa da amana har ya gama.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya yi wa masu wannan hidima albarka. Wassalamu.