Katunan 'Yan Wasan Besbol Na Da Sun Zama Kadara A Amurka

A watan Agusta na 2022 aka yi gwanjon wani katin kwali na 1952 mai ɗauke da hoton Mickey Mantle a kan dala miliyan 12 da dubu 600 a Amurka. Mantle gwani ne a besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki.

Asalin irin waɗannan katuna ba abin a zo a gani ba ne. Kamfanonin taba ne suka riƙa cusa su a cikin kwalin sigari, don kada kara ya karye, don kuma a jawo masu saye. Yau kuwa gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke New York yana riƙe da dubbansu, waɗanda Jefferson Burdick ya tara ya ba shi kyauta.

Abin da masu tarawa ke dubawa ya wuce sunan ɗan wasa; suna karanta tsayuwarsa da yadda ya ajiye hannu. A katunan sigarin Old Judge na wajen 1887, a ɗakin mai hoto aka ɗauki 'yan wasan, an rataye ƙwallo da zare, mutum ya miƙa hannu kamar zai cafke. Wannan shirin, da a da ake iya kira ƙarya, shi ne ake yaba wa a yanzu. A ɗaya daga cikinsu Charles Radbourn na ƙungiyar Boston ya dafe ƙugu, ya miƙe yatsan tsakiya, wanda a can tamkar daƙuwa ne. Katin ya fita kasuwa a haka, yatsan nan kuma ya ƙara masa farin jini.

Sai dai ƙarancin kati da lafiyarsa su ne ke yanke farashi. Kamfanoni na musamman kan duba gefe da kusurwa su ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma a nan ha'inci ke shigowa. Katin Honus Wagner da aka saya dala 451,000 a 1991, ya kai dala miliyan 2 da dubu 800 a 2007. A 2013 dillalin nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefunansa don ya yi kamar sabo.