Raba ikon ilimi: Me ya sa ɗan Warra ba ya samun rabo daidai da ɗan birni?

A Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski da ke bakin Tafkin Kainji a Jihar Kebbi, makomar ajin firamare tana hannun hukumomi uku. Tsarin mulkin 1999 ya sanya ilimi cikin al'amuran da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, ya kuma ba ƙananan hukumomi rawa a ilimin firamare.

Hikimar wannan tsari ita ce na kusa ya fi sanin ciwon jama'arsa. Sai dai tarihi ya nuna illarsa. A 1955 Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta, Arewa kuwa ba ta ga irinsa ba sai da shirin UPE na ƙasa ya zo a 1976. Har yau ana ɗanɗana kuɗar wannan tazara.

Dokar UBE ta 2004 ta zo domin cike giɓin. Ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihar da ta ajiye nata kason takan karɓa, wadda ba ta ajiye ba kuwa kuɗinta ya yi ta kwana a Abuja.

Akwai kuma tazara a cikin jiha ɗaya. Kuɗin da zai gina aji a Birnin Kebbi ba zai kai siminti da malami zuwa ƙauyukan masunta na Yauri, Ngaski da Shanga ba, inda wasu garuruwan sai da jirgin ruwa ake isa. Harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 ya ƙara wa iyaye fargabar tura 'ya'yansu nesa.

Jamus ma tarayya ce, kuma jihohinta ke riƙe da makarantu, amma akwai tsarin da ke rage gibin kuɗi tsakanin mawadata da marasa ƙarfi. A Nijeriya, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Muddin ba a auna rabon da nisa, talauci da yawan yaran da ba sa makaranta ba, iko zai sauko Warra amma malami ba zai biyo shi ba.